Lambar Ta Hau, Likita Kuma Ya Ƙara Mini Magani

Malam, shekara biyu ke nan da aka yi mini aikin maƙoƙo, aka yanke mafi yawansa, tun daga nan kuwa nake shan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Amma kasala ta ƙi sakina, ko da bazara sai na lulluɓa da zane biyu, gashina kuma yana bin mataji. Da aka auna jinina, aka ce TSH ya kai 18, alhali bai kamata ya wuce wajen 4 ba, sai likita ya ƙara mini magani maimakon ya rage. Shin ba kuskure ya yi ba?

Wata baiwar Allah, daga Zariya

'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Likitanki bai yi kuskure ba, kuma shubuhar da ta shige ki ta shigi mutane da yawa kafin ke.

Ki sani, TSH ba daga wuya yake fitowa ba. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa Allah cikin hikimarsa ya ajiye wata 'yar halitta wadda ba ta fi ƙwayar wake ba, likitoci suna ce mata fituwitari, wadda dare da rana take ɗanɗana jini domin ta san ko sinadarin tayiroksin da halittar wuya ke zubawa ya wadata. Idan ya wadata sai ta sassauta, idan kuwa ya yi ƙaranci sai ta aika da TSH, kamar uwar da ta kira ɗanta daga tsakar gida bai amsa ba, ta ƙara ɗaga murya. To, guntun da wuƙar likita ta bar miki ba shi da ikon amsawa, komai ƙarfin kiran, saboda haka 18 ɗin nan shaida ce ta rashi, kuma ƙwayar da kike sha ita ce ke amsawa a madadinsa.

Sai dai fa ki yi haƙuri, domin maganin yana daɗewa a jini kafin ya daidaita, shi ya sa ba a sake awo sai bayan mako 6 zuwa 8. Ki sha shi da ruwa zalla, cikinki babu komai, ki jira aƙalla minti 30 kafin kunu ko shayi; maganin ƙarin jini kuwa, wanda mata da yawa ke haɗawa da shi ba da sani ba, ki raba su da awa 4, don yana hana hanji tsotse shi. In azumi ya zo, ki tashi ki sha rabin awa kafin sahur. Kada ki rage ko ki ƙara da ra'ayinki, domin idan ya wuce kima yana jawo bugun zuciya da raunin ƙashi, kuma in kin sami ciki, ki sanar da likita tun a makon da kika gane.