Darasin Mako: Hayaƙin Shara da Haƙƙin Maƙwabci

Jama'ar Gauraka, hunturu ya shigo. Ga ƙura, ga hayaƙin tireloli a titin Abuja zuwa Kaduna, mu kuma muna ƙarawa da ƙona leda da tsofaffin tayoyi a bayan shaguna. Cikin hayaƙin nan akwai ɓurɓushin da ido ba ya gani. Yana shiga har cikin huhu, ya tayar wa mai asma ciwonsa, ya sa yara da tsofaffi tari.

Tun 2011 dokar hukumar NESREA ta hana ƙona shara a fili ba izini. Kafin ita ma, addini ya hana cutar da maƙwabci.

Don Allah a tara shara a ba masu kwasa. Mahauta, a daina babbaka da taya. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.