HUKUNCIN KASHE UNGULU DA CINIKIN KANTA

 Darasinmu na wannan mako ya taso ne daga wata takarda da wani mahauci ya aiko mana daga Illela, garin nan na bakin iyaka da ke fuskantar Birnin Ƙonni ta ƙasar Nijar. Ya ce wani baƙo ya same shi a mayanka ran kasuwa, ya yi masa tayin kuɗi masu tsoka in zai bar shi ya barbaɗa magani a kan hanji da tumbin da a ke zubarwa, domin ya kama ungulu biyu da suka rage suna sauka a wurin. Shi dai ya ƙi, amma abokan sana'arsa sun yi ta yi masa dariya, suna cewa ƙazamar tsuntsuwa mai cin mushe wane alhaki gare ta. Shi ne ya ke tambaya, shin asarar halal ya yi, ko kuwa tsira ya yi daga haram?

Kafin mu shiga hukunci, sai mu lura da kalma guda a cikin takardar, watau "biyu". Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Sakkwato shekara arba'in ko hamsin da suka wuce ya san ba a ƙirga angulu a mayanka, sai dai a kore ta. Suna nan jere a kan katanga da rufin kwano da rassan kuka, har yaro ba ya barin faranti a waje. A farin 1973, da annobar bushiya ta 1983, da farin da ya biyo baya a 1984, lokacin da shanu suka riƙa zuba a bakin hanya, su ne suka share mushen da ba mai ƙarfin binnewa. Yau kuwa akwai samarin da suka san karin maganar nan ta "ungulu ba ta jewar banza", amma ba su taɓa ganin jewar da idonsu ba.

Wannan raguwa ba zato ba ce. Wani masani Bafaranshe, Thiollay, ya bi hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso yana ƙirga tsuntsaye tsakanin 1969 da 1973, sa'an nan ya sake bin hanyoyin bayan shekara talatin, ya tarar manyan ungulayen daji irin su mikiya sun ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari a wajen gandayen da a ke tsaro. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ungulun gari da mikiya a cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka ya nuna cewa guba da farautarsu domin tsafi da magani su ne sanadin kusan tara cikin kowace goma da aka samu labarin mutuwarsu. A ƙasar Gini Bisau kaɗai, a 2020, an kashe fiye da 2,000 da guba, an tarar da yawansu ba kai.

Abin kunyar shi ne, babbar kasuwar wannan kai tana Nijeriya. Da na gida suka yi ƙaranci, sai fatake suka koma sarowa daga Nijar da Cadi da Kamaru da Binin, don haka mutanen garuruwan bakin iyaka kamar Illela su ne a bakin ƙofar wannan ciniki. Ga shi kuwa ungulu ƙwai ɗaya tak ta ke yi a shekara, a kan dogayen itatuwa irin su giginya da kuka da maɗaci, waɗanda su ma gatari bai bar su ba. Tsuntsuwar da haihuwarta ke tafiyar hawainiya haka, ba za ta iya mayar da abin da gwangwanin guba guda ya kashe a wuni ɗaya ba.

To, mu zo ga fiƙihu, kuma mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa hujjarmu daɗi ba. A mazhabarmu ta Malikiyya naman ungulu ba haram ba ne. Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil duk sun halatta cin tsuntsaye, har masu farata da masu cin ƙazanta, ko da ya ke sauran mazhabobi uku sun hana cin masu farauta da farata saboda hadisin Ibn Abbas da ke cikin Muslim. Saboda haka wanda ya ce kashe ungulu haram ne don ita ƙazama ce, bai kama bakin zaren ba. Haramcin yana zuwa ne ta wasu ƙofofi.

Da farko, me za a yi da kan? Baƙon nan ba miya zai yi ba. Bokaye ne ke cewa tun da ungulu na hango mushe daga nesa, kanta da idonta za su sa mutum ya hango abin da ke ɓoye, ya ci caca, ko ya ci zaɓe, ko ya rinjayi abokin shari'a. Sanin gaibu kuwa na Allah ne shi kaɗai. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, a cikin Nurul Albabi ya yi kakkausan suka ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa da taurari da kukan tsuntsaye. Abin takaici ne a ce a ƙasar da aka rubuta wannan littafi har yanzu akwai mai sallah a sahun gaba da kan ungulu a cikin layarsa. Wanda ya kama, da wanda ya sayar, da wanda ya buɗe ƙofar mayanka, duk sun taimaka a kan saɓo, amma mafi nauyin kaya yana kan mai saye, gama ba don kuɗinsa ba da maharbi bai fita ba.

Sa'an nan ga hanyar kisan. Tsuntsun da guba ta kashe mushe ne, ba yanka ba, ba kuma farauta ta shari'a ba, kuma hadisin Jabir a cikin Buhari da Muslim ya haramta sayar da mushe. Guba kuma ba ta zaɓe. Abin da aka barbaɗa domin ungulu, kare zai ci, shirwa za ta ci, kajin maƙwabta za su tsattsaga, ruwan sama ya kwashe saura zuwa tafkin da dabbobi ke sha. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wata 'yar tsuntsuwa tana ta kaɗa fukafukai don sahabbai sun ɗauke mata 'ya'ya biyu, sai ya umarta a mayar mata, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Mas'ud. Ina ga wanda ya kashe uwa ya bar ɗanta a sheƙa yunwa ta ƙarasa shi?

Ƙofa ta uku ita ce wadda malamanmu ba su cika taɓawa a wa'azi ba, ita ce kuwa ta fi dacewa da zamaninmu. Aya ta 38 ta Suratul An'ami ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar yadda mu ke al'umma. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, inda Manzon Allah ya bayyana cewa abin da ya hana shi ba da umarnin kashe karnuka duka shi ne kasancewarsu al'umma daga cikin al'ummomi. Imam Haɗɗabi, da ya zo sharhin wannan hadisi, ya fahimci cewa Annabi ya ƙi a shafe wani jinsi na halitta har ya zama ba sauransa, domin babu halittar da Allah bai sanya wata hikima da maslaha a cikinta ba. In an faɗi haka a kan kare, wanda ke cizo, to ina ga tsuntsuwar da ba ta taɓa cin hatsin kowa ba, ba ta ɗaukar ɗan tsako?

Hikimar ungulu kuwa mutanen Indiya sun gan ta bayan sun rasa ta. Allah ya yi wa cikinta wani irin ƙarfi da ke narkar da ruɓaɓɓen nama tare da ƙwayoyin cutar da ke ciki, har da na ciwon saifa. A shekarun 1990 makiyayan Indiya suka shiga yi wa shanu allurar diclofenac, ungulayen da suka ci mushen shanun suka riƙa mutuwa da ciwon ƙoda, har fiye da kashi 95 cikin ɗari suka ƙare kafin gwamnati ta hana maganin ga dabbobi a 2006. Mushe ya taru yana ruɓewa a bakin ruwa, karnukan titi suka yawaita, haukan kare ya ƙaru. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa mutane wajen 500,000 suka mutu a sanadin haka daga 2000 zuwa 2005. Garin da ke da babbar kasuwar dabbobi kamar Illela, inda a ke shigo da shanu da raƙuma daga nesa, wasu su galabaita su faɗi a hanya, shi ya fi kowa bukatar wannan ma'aikaciya da ba ta karɓar albashi.

Saboda haka amsarmu ga mai tambaya ita ce, ba ka yi asarar kome ba, Malam, kuɗin da ka ƙi haram ne ta fuskar abin da za a yi da tsuntsuwar, da ta fuskar gubar, da ta fuskar ɓarnar da za ta biyo baya. Ka kuma sani cewa ƙasar nan tana da dokar kare namun daji da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, an kuma ƙara tsananta hukuncinta a 2016, biyayya ga hukuma a kan abin da ke maslahar jama'a kuwa wajibi ce. In baƙon ya dawo, ka kai maganar gaban Sarkin Fawa da ma'aikatan gandun daji. Hanjin nan kuma ku ci gaba da zubar da shi a inda biyun suka saba sauka, wani yaro ya tsaya a kansa har su gama su tashi.