Man tsirrai yana korar sauro, amma ba ya maye gurbin gidan sauro

Da damina ta kankama, mutane da yawa kan koma ga man darbejiya, na daddoya ko na bishiyar turare don korar sauro. Suna da hujja: ƙamshin waɗannan mayuka yana hana sauro gane warin jikin mutum, kuma tun 2005 hukumar CDC ta Amurka ta amince da man wani nau'in bishiyar turare mai ƙamshin lemun tsami. Sai dai ƙamshin galibinsu yana saurin gushewa, da wuya ya wuce awa biyu, alhali sauron da ke kawo zazzaɓi ya fi cizo da tsakar dare, lokacin da kowa ya yi barci. Saboda haka a shafa man da magariba, lokacin hira a tsakar gida, a kwanta kuma cikin gidan sauro mai magani.

Wani zai ce abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa. Ba haka ba ne: zallar man tana iya ƙona fata. A ɗiga kaɗan cikin man kaɗe, a gwada a hannu tukuna, a kiyaye ido da baki, kada a shafa wa yaron da bai kai shekara uku ba. In zazzaɓi ya zo, a je asibiti a yi gwaji.