Ki Bincika Murhun Kafin Ki Zargi Hannunki

'Yata, labari ya iso ni cewa kek ɗinki ya fara fitowa da baƙin gindi, cikinsa kuma ɗanye, har kina cewa albarkar hannunki ce ta tafi. Ki kwantar da hankalinki. Wadda ta yi shekaru tana kwaɓa fulawa ana yabawa a gidajen biki daga Kurugu har Karaye, hannunta ba ya mantuwa cikin mako guda. Idan awo bai canja ba, fulawa da ƙwai suna nan yadda kika saba, to murhun gashin za ki fara tuhuma.

Kin ga masu gurasa na Jakara a cikin birnin Kano? Kafin mace ta manna ƙulli a jikin tanderu, sai ta kai hannu bakinsa ta ji zafin. To obin ɗinki ma yana da nasa hannun. Ki buɗe ƙofar ki leƙa bangon baya ta sama, za ki ga wani siririn ƙarfe kamar fensir ya leƙo. Shi masu gyara ke kira sensa. Shi ke jin zafi ya sanar da murhu ya ƙara wuta ko ya tsaya. Idan ya daina faɗin gaskiya, sai ki juya lamba kan 180, ciki kuwa ya haura 200, ko kuma ya kasa kaiwa.

Kada ki yarda da zato, ki gwada. Idan kina da ɗan ma'aunin zafi irin wanda ake ratayawa a cikin obin, ki sa shi a tsakiyar raga, ki kunna, ki bar shi minti 20, sannan ki kwatanta da lambar da kika saita. Idan babu, sukarin da ke kicin ɗinki ya isa shaida, domin sukari yana narkewa ne a wajen digiri 186. Ki zuba rabin cokali a ƙaramin faranti na ƙarfe, ki saita murhu kan 175, ki bar shi ya yi zafi sosai, ki sa sukarin na minti 15. In ya narke, murhunki yana wuce gona da iri. In bai narke ba, ki ɗaga zuwa 195 ki sake gwadawa. In a nan ma yana nan fari tas, to zafin ba ya cika.

Ko da gwaji ya nuna akwai matsala, kada ki yi gaggawar sayen sabon sensa. Ki cire filogi daga bango, ki jira murhu ya huce, ki duba abubuwa masu sauƙi. Sau da yawa tire ne ya ture ƙarfen ya jingina da bango, sai ya riƙa jin zafin bangon maimakon zafin iskar ciki. Ki gyara masa zama a hankali, kada ki lanƙwasa shi da ƙarfi. Wani lokaci maiƙo ne ya daskare a kansa, sai ki goge da ɗanyen tsumma. Ki duba robar da ta zagaye ƙofa: ki maƙala takarda ki rufe, in ta zare ba tare da turjiya ba, ta nan zafinki ke zurarewa. Ki kuma lura da wutar lantarkin kanta. Ranar da ta zo da rauni, ƙwan fitila ya yi ja, fanka na juyawa da ƙyar, murhun da aka ƙera don wuta mai ƙarfin 230 ba zai yi zafi yadda ya kamata ba, kuma sensa ba shi da laifi a nan. Da hunturu ma ki ƙara wa murhu lokacin ɗumama kafin ki sa ƙulli.

In duk waɗannan lafiya lau suke, to lokacin gwada sensa da mitar masu gyara ya yi. Mai gyaran kayan wuta zai kwance ƙusoshi biyun da ke riƙe da sensa, ya zare wayarsa, ya auna. A yawancin obin masu allon lamba, lafiyayyen sensa yana nuna kusan om 1,080 idan murhu na sanyi. Wasu kamfanonin suna da nasu adadin, don haka ki adana takardar da ta zo da murhun. In mita ta nuna sifili, ko ta ƙi motsi sam, ya mutu. Ki sa a cire shi, a tafi da tsohon kasuwar Sabon Gari a Kano tare da lambar murhun, a samo irinsa sak. Mai kama da shi ba shi ba ne, kuma wanda bai dace ba zai ci kuɗinki ya ci fulawarki.

Idan kuwa na gas kike amfani da shi, akwai wani ɗan ƙarfen kusa da harshen wuta wanda aikinsa ya rufe gas in wuta ta mutu. Alamar lalacewarsa ita ce da kin saki makunni sai wutar ta ɗauke. A nan nake roƙonki, 'yata, kada ki bari kowa ya ce zai ɗaure makunnin ko ya tsallake wannan ƙarfe don aiki ya tafi. Shi ke tsare ranki da na 'ya'yanki. In kin ji warin gas, ki rufe tukunyar gas, ki buɗe taga, kada ki ƙyasta ashana, kada ki taɓa makunnin fitila, ki kira wanda ya san aikin.

Kafin a gama gyara, kada ki mayar da masu oda. Babbar tukunya da yashi a ƙasanta, da garwashi daidai misali, ta gasa kek a garin nan tun kafin obin ya zo. Ki faɗa wa masu biki gaskiyar lokacin da za ki iya kammalawa, ki cika alkawari. Allah Ya sa albarka a sana'arki, Ya tsare ku daga sharrin wuta.