Darasin Kiwon Lafiya: Ƙiba a Jikin Yara da Lafiyar Jini

Mutane da yawa sun ɗauka yaro mai ƙiba shi ne mai ƙoshin lafiya. Ba haka abin yake ba. Ƙibar da ta wuce kima cuta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, yara da matasa fiye da miliyan 390, 'yan shekara 5 zuwa 19, nauyinsu ya wuce kima.

Me ke kawo ƙiba?

Babban dalili shi ne yawan cin kayan maiƙo da kayan zaƙi, ga kuma rashin motsa jiki. Yanzu har a kasuwar ƙauye ana sayar da taliyar leda, biskit, alewa da lemon kwalba. Kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗauke da sukari cokalin shayi 8 ko fiye.

Ina ruwan jini da ƙiba?

A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Ɓargon ƙashi ne ke yin su, kuma kowace tana kwana 7 zuwa 10 kafin wata ta maye gurbinta. Idan yaro ya yanke da wuƙa, su ne ke taruwa su toshe bakin ciwon, sai jini ya tsaya.

Likitoci sun gano cewa idan kitse ya yi yawa a jiki, waɗannan ƙwayoyi sukan riƙa manne wa juna fiye da yadda ya kamata. In aka daɗe a haka, jini na iya gudajewa ya toshe jijiya. Wannan kan jawo ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki bayan mutum ya girma.

Abin da iyaye za su yi

1. A ba yara abincin gida: tuwo, wake, zogale, ƙwai da 'ya'yan itatuwa.
2. A ba su ruwa mai tsabta maimakon lemon kwalba.
3. A bar su su yi wasan guje-guje aƙalla minti 60 kullum.
4. A riƙa kai su asibiti awon nauyi. Kada a hana yaro abinci don ya rame, a nemi shawarar ma'aikacin lafiya.

Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin ƙwayoyin da ke tsayar da jini?
2. Waɗanne abinci ne ke kawo ƙiba?