Darasin Ingilishi: Gane Lokaci Cikin Jimla

Ana jawo hankalin ɗaliban sakandare cewa hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da hukumar NECO mai hedkwata a Minna, dukkansu suna gwada fahimtar karatu da nahawu. Ɗalibin da bai sami kiredit a Ingilishi ba, da wuya ya sami gurbi a jami'a. Babban abin da ke kā da ɗalibanmu kuwa shi ne rashin gane lokaci.

Ga dalili. A Hausa, ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau ita ce ke nuna lokaci: ya sayar, yakan sayar, zai sayar. Shi aikatau yana nan yadda yake. A Ingilishi kuwa, sau da yawa aikatau ɗin ne da kansa ke sauya kama: "sells" yakan koma "sold", "goes" yakan koma "went". Wanda ya karanta Ingilishi da idon Hausa, sai ya tsaya a kan "he", amsa ta wuce shi.

A duba wannan jimla: "A farmer from Kaboji sold his maize in Kontagora." Kalmar "sold" ta nuna an riga an gama ciniki. Da an rubuta "sells", da ma'anar ta zama yakan sayar.

Aiki: kowane ɗalibi ya ɗauki sakin layi ɗaya kullum, ya ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, ya faɗi lokacinsa, sa'an nan ya amsa tambayoyi. Malamai da iyaye su tabbata an yi.