Waɗanda Aka Riga Aka Haifa da Sikila Fa?

Duk lokacin da aka tayar da maganar sikila, a rediyo ne, a huɗuba ne, ko a taron ranar 19 ga Yuni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa cutar, zancen ba ya wuce aure: a yi gwaji, kada AS ya auri AS. Gaskiya ne, ni ma ina cikin masu faɗa. A Kano ma abin ya zama doka tun 2024, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure. Amma ni aikina jinya ne a sashen masu amosanin jini, kuma duk wanda ke zaune a kan bencinmu an riga an ɗaura auren iyayensa, an riga an haife shi. Ƙiyasin da aka daɗe ana aiki da shi ya nuna jarirai kusan 150,000 ake haifa da cutar kowace shekara a Nijeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. Idan wayar da kai ta tsaya a wurin ɗaurin aure, me muka tanadar wa waɗannan?

Abin da aiki ya nuna min shi ne, yawancin wahalar da suke sha ba dole ba ce. Abu biyu ke rage ta: a kula da su ranar da suke lafiya, a kuma yarda da su ranar da ciwon ya tashi.

Abin da ke faruwa a jiki

Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya suna kai kwana 120 kafin su mutu. Na mai sikila ba sa wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jininsa kullum a ƙasa yake, idonsa kuma kan yi ɗorawa. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ko aka sha sanyi, ko zazzaɓi ya shiga, ko aka gaji, sai ƙwayoyin su lanƙwashe su ɗauki siffar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Inda jini bai kai ba, nan ciwo zai tashi: ƙashi, baya, ƙirji, ciki. Shi ya sa gadajenmu ke cika da hunturu da kuma tsakiyar damina.

Jariri ba ya nuna alama da wuri, saboda irin jinin da ya fito da shi daga ciki yana kare shi har wajen wata shida. Daga nan sai a ga bayan hannu ko ƙafa ya kumbura, yaro yana ta tsala kuka in an taɓa. Da yawa sai sun biya ta wajen mai ɗori kafin su iso wurinmu.

Ranar da sakamako ya fito SS, na sha jin uba ya ce, "Sista, mu a danginmu babu wannan ciwon." Uwar tana gefe, kai a sunkuye. Nakan ce, "Alhaji, ga ɗakin gwaji can, kai ma a duba ka." Ba don in kunyata shi ba, sai don kada a koma gida a ɗora wa mace ɗaya abin da mutum biyu suka haɗu suka bayar. Ba a haifar SS sai an samu S daga uba, an samu daga uwa. Kuma lissafin ɗaya cikin huɗu da ake yi wa AS biyu, na kowane ciki ne daban. Ba wai ɗa na huɗu ne zai ɗauka ba: ana iya samun uku a jere, ana iya rashin ko ɗaya.

Ranar da ciwon ya tashi

Ga yadda abin yake kasancewa. Ƙarfe biyun dare, an shigo da matashi a Keke Napep, ya dunƙule a bayan ƙaninsa, gumi na zuba duk da sanyin da ake yi. Ba ya iya zama, ba ya iya kwanciya. Ya cije haƙori ya faɗi sunan allurar da ta saba yi masa aiki, da adadinta, ya nuna jijiyar da ta rage mai kyau a bayan hannunsa na hagu. Abin takaici, wannan sanin da ya yi wa jikinsa shi ke jawo masa zargi. Sai ka ji an yi ƙasa da murya: "Ɗan fenta ne." A bar shi a kan benci a ce ya jira.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya shekara ashirin yana shiga asibiti yana fita dole ya san sunan maganinsa. Babu gwajin jini ko hoton da ke auna zafin ciwon sikila, abin da majinyaci ya faɗa shi ne ma'auni. Ƙa'idar aiki ita ce a ba shi maganin raɗaɗi mai ƙarfi cikin minti 30 zuwa awa ɗaya da isowarsa, a sake dubawa, a ƙara in bai sauka ba.

Ba musu nake yi ba, akwai waɗanda allurar fentazosin, wato fenta, ta kama. Na wanke gyambon da ta haddasa a cinyoyi, na ga hannun da ya sandare saboda yawan sokawa. Amma in ka zauna ka saurare su, labarin kusan iri ɗaya ne: sun zo asibiti sun sha wuya ba a kula su ba, wani a kemis ya nuna musu hanya mai sauƙi, daga baya suka koyi yi wa kansu. Wanda aka karɓa da mutunci, aka kashe masa ciwo a kan lokaci, ba shi da dalilin ɓuya a ɗaki da sirinji. Wanda ya riga ya faɗa kuwa magani yake bukata, ba gori ba.

A gida ma haka. Ana ce wa yaro mai raki, ana ce wa budurwa ƙiwar aiki ce ke damunta. Wasu kuma sun saba da ciwo har ba sa kuka. Yarinya tana iya danna waya tana cikin azaba, don ta ɗauke hankalinta ne. Shirunta ba sauƙi ba ne. A tambaye ta: daga ɗaya zuwa goma, ina ciwon ya kai? Idan mai sauƙi ne, a ba ta maganin da likita ya rubuta, ruwa mai yawa, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Ban da ƙanƙara, ban da ruwan sanyi.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida ko da tsakar dare ne:

Zazzaɓin da ya kai 38 a ma'aunin zafi.
Ciwon ƙirji, tari, ko numfashi sama-sama.
Karkacewar baki, sanyin hannu ko ƙafa ɗaya, sarƙewar magana, jijjiga, ko matsanancin ciwon kai.
Tafin hannu da cikin ido su yi fari fat, ga kasala, ga ciki ya kumbura ta hagu.
Miƙewar gaba mai zafi ga namiji da ta kai awa biyu ba ta kwanta ba.

Wannan na ƙarshe kunya ke hana faɗarsa. Samari kan ɓoye har kwana biyu, alhali in ya wuce awa huɗu yana iya lalata mazakuta har abada. Uba ko yaya ne ya kamata ya zaunar da yaro ya gaya masa tun bai faru ba.

Ranar da yake lafiya

Tambayar da iyaye suka fi yi min ita ce, "To Sista, ai ya warke, me za mu zo yi?" Amsar ita ce, babban aikin a wannan ranar ake yin sa. A ranar ake sanin inda jininsa ya saba tsayawa, don a gane in ya faɗi. A ranar ake sabunta folik asid da maganin kariyar maleriya, a duba katin rigakafi, a tabbatar ƙananan yara suna shan fenisilin har su kai shekara biyar, domin saifarsu ba ta iya tare ƙwayoyin cuta kamar ta sauran yara. A ranar nake kama hannun uwa in ɗora a cikin ɗanta ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, in ce, "Maman yaro, danna a hankali, kin ji bakin wani abu mai tauri? Saifar ke nan. Duk ranar da kika ji ta sauko fiye da nan, ki taho." Uwar da ta iya wannan ta fi na'urori da yawa amfani, don ita ce ke tare da yaron da daddare.

Sai maganar shanyewar ɓarin jiki, wadda mutane ke ɗauka ta tsofaffi ce. Idan babu kariya, kusan ɗaya cikin goma na masu SS kan gamu da ita kafin shekara 20. Akwai gwajin da ke hango ta tun ba ta zo ba, ana ce masa TCD. Yaro zai kwanta, a shafa masa ɗan man gwaji a gefen kai kusa da kunne, a ɗora wani ɗan abu mai auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Babu allura, babu zafi. Ana so a yi wa kowane yaro mai SS sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16. Idan gudun ya kai 200, yaron na cikin haɗari, sai a fara kare shi.

A ƙasashe masu hali, ƙarin jini duk wata ake yi wa irin waɗannan yara. A wurinmu, ina jinin, ina kuɗin? Amsar daga nan gida ta fito. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun bi yara 220 masu irin wannan sakamako suna ba su ƙwayar haidiroksiyuriya kullum. Binciken da aka wallafa a 2022 ya nuna shanyewar jiki ta yi ƙasa sosai a cikinsu. Kafin nan, wani bincike a kan yara sama da 600 a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda ya nuna maganin na rage tashin ciwo, ƙarin jini, maleriya da mace-mace. Aikinsa shi ne ya sa jiki ya koma ƙera irin jinin nan na jarirai da ba ya lanƙwashewa.

Wasu iyaye in sun karanta takardar cikin kwali suka ga an ambaci ciwon daji sai su ajiye. E, ana amfani da shi a can ma, amma wannan bai mayar da ɗanka mai ciwon daji ba. Sharaɗinsa dai likita ne zai ɗora mutum a kai, a riƙa gwajin jini a kai a kai, a kuma yi haƙuri, don sai ya ɗauki watanni kafin a ga amfaninsa. Mai ciki ko mai shirin ɗaukar ciki ta fara magana da likita. Matsalar gaskiya ita ce kuɗi. Na san gidajen da ke tsallake kwana don kwali ya kai ƙarshen wata. A faɗa mana in haka ta faru, a kuma nemi shiga inshorar lafiya ta jiha ko ta tarayya. Abin da bai kamata a kashe wa ko sisi ba shi ne ruwan jarka da ake cewa yana mayar da SS ya koma AA, da maganin ƙarin jini na kemis mai sinadarin ƙarfe, wanda kan taru ya cutar da wanda aka sha yi wa ƙarin jini. Dashen ɓargo yana warkarwa, an ma fara yin sa a Nijeriya tun 2011 a asibitin koyarwa na Benin, amma yana da tsada da haɗari, kuma ba kowa ke samun wanda ɓargonsu ya dace ba.

Rayuwa a wajen asibiti

Abin da ya fi yi wa majinyatana ciwo sau da yawa ba a ƙashi yake ba. Yaro yana ji ana cewa a gabansa, "Ai irinsu ba sa daɗewa." Sai a ƙi kashe kuɗi a karatunsa, shi ma ya daina sa rai da komai. Ina da majinyata malaman makaranta, teloli, 'yan kasuwa, har da masu jikoki. Mai SS yana aure, in ya auri AA 'ya'yansu duka AS za su zama. Mace mai SS tana haihuwa, sai dai awonta ya zama a babban asibiti tun farkon ciki.

Malaman boko da na Islamiyya, ku bar yaron nan ya shiga aji da gorar ruwansa, ku bar shi ya fita fitsari in ya nema, domin ƙodarsa ba ta riƙe ruwa. Dalilin yawan fitsarin kwance ke nan ma, duka ba ya maganinsa, hana shan ruwa kuma tayar da ciwo yake yi. Babba yana bukatar kamar lita uku a rana, wato ledar fiya wata guda shida. Batun azumi a tattauna da likita tun watan Sha'aban, addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

A riƙa duba mai jinya ita ma. Uwar da ta kwana uku a kan tabarma a gefen gado, ta bar sana'arta da sauran yara, ba "sannu" kaɗai take bukata ba. A karɓe ta na yini ɗaya ta je ta yi barci. Ƙungiyoyin masu sikila da zaurukansu na WhatsApp suna taimakawa ƙwarai, domin a can mutum ke samun wanda ba sai ya yi masa dogon bayani ba.

Idan akwai mai sikila a gidanku, ku ɗauko katinsa yau ku duba ranar komawa. In ta wuce, ku je a wannan makon ko da yana cikin ƙoshin lafiya, ku tambayi likita abu biyu: yaushe za a yi masa TCD, kuma ya dace a ɗora shi a kan haidiroksiyuriya? Idan babu a gidanku kuma kuna da lafiya, ku je ku ba da jini tun ba a buga muku waya ba, domin wanda jininsa ya faɗi da tsakar dare ba zai iya jira a nemo dangi ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.